Yadda Ake Neman Shiga Horon Hafsoshin Sojin Ruwa a Saudiyya

Duk shekara idan zafi ya kama, sakamakon sakandare ya fito, samarinmu Hausawa na Makka da Jidda da Madina sukan shiga tambayar juna ko Ma'aikatar Tsaro ta buɗe karɓar ɗaliban kwalejojin soja. Da yawa cikinsu farar rigar sojin ruwa ce a ransu. Abin takaici, mafi yawan waɗanda ake mayarwa gida ba su ma kai ga ganin teku ba. Wani harafi ɗaya ne ya saɓa a sunansa, wani makin Ƙudurat, jarrabawar auna basira, ne ya gaza, wani nauyi ne ya yi masa yawa, wani kuma jininsa ne aka auna aka ga abin da bai taɓa sanin yana da shi ba. Duk waɗannan abubuwa ne da ake ganowa watanni kafin a buɗe shafin. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ƙanena, wannan bayani na wanda ya saura masa aƙalla wata shida ne, shekara guda ma ta fi.

Ƙofa biyu ce. Wanda ya gama sakandare yana neman Kwalejin Sarki Fahad ta Sojin Ruwa da ke Jubail, a gabar gabas. Karatun shekara 3 ne, a fito da digiri da muƙamin mulazim, matakin farko na hafsoshi. Wanda ya riga ya gama jami'a kuma yana neman daura, wato kwas ɗin horon hafsoshi, ta masu digiri, wadda ta fi gajarta, domin aikinta mayar da mai ilimi soja ne kawai. Matakan neman duka biyun kusan iri ɗaya ne, inda suka rabu zan faɗa.

Abin da za ka tanada

Katin ɗan ƙasa, wato hawiyya, wanda bai ƙare ba, da kwafinsa. Katin iyali na mahaifinka. Takardar shaidar gama sakandare ta asali, ko ta jami'a tare da takardar makin kowane zango. Sakamakon jarrabawar Ƙiyas, cibiyar jarrabawa ta ƙasa. Hotuna sababbi masu farin bango, kai a buɗe, ka wanke kamar goma sha biyu domin kowane tebur sai ya nemi nasa. Lambar waya da aka yi rajistarta da sunanka, ba ta yaya ko ta mama ba. Asusun Absher mai aiki, wato shafin hidimomin gwamnati, da manhajar Nafath ta tabbatar da shaidar mutum a wayarka. Adireshin ƙasa da ke daidai da inda kuke zaune yau. Sai jakar roba mai zif ta ajiye takardu, takalmin gudu na ƙwarai, gajeren wando da riga na motsa jiki, da ma'aunin nauyi ko da na kantin magani ne.

Maganar adireshi kada a raina ta. Tun rushe-rushen unguwannin Jidda da aka fara a ƙarshen 2021, iyalai da dama sun tashi daga Ghulail da Karantina da Sabil zuwa wasu wurare, amma adireshinsu na hukuma yana nan a gidan da babu shi. Ka gyara tun yanzu.

1. Ka fara da tambayar da ta fi kowace nauyi

Shin kai ɗan ƙasa ne a takarda? Sharaɗin farko a kwalejojin soja shi ne mutum ya zama ɗan Saudiyya ta asali, kuma a cikinta ya tashi. Ana yi wa wanda ya girma a waje uzuri idan aikin gwamnati ne ya kai mahaifinsa can. Mai iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙo, ba ya shiga, ko da a unguwar Misfala ta Makka aka haifi kakansa, ko da Larabcinsa ya fi na kowa a ajinsu. Wanda mahaifiyarsa ce kaɗai 'yar ƙasa shi ma wannan ƙofa ba tasa ba ce. Na san maganar tana da ɗaci ga gidaje da yawa a cikinmu, amma gara yaro ya ji ta yana aji ɗaya na sakandare da ya ji ta bayan ya shekara yana gudu a bakin teku. Idan wannan ne halinka, ka tsallaka zuwa mataki na 9, akwai wasu hanyoyin zuwa teku.

Sauran sharuɗɗan su ne kyakkyawan hali, babu hukuncin kotu a kan laifin da ya taɓa mutunci ko amana, kuma ba a taɓa korar ka daga wata makarantar soja ko aikin gwamnati ba. Ɗan sakandare sai ya kasance bai yi aure ba. Iyaye masu gaggawar ɗaura wa yaro aure da zarar ya gama makaranta su lura da wannan.

Shekaru kuwa, na sakandare daga 17 ne zuwa 22, mai digiri kada ya wuce 27, likita kuma 30. A nan akwai tarko. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, wato wanda ya cika 22 a lissafin Miladiyya ya riga ya haura 22 da kusan wata 8 a lissafin Hijira. Ka duba da wane lissafi aka rubuta sanarwar shekararka, da ranar da ake tsayar da ƙirgen, sannan ka lissafa da biro da takarda.

Mata kuma Ma'aikatar Tsaro ta buɗe musu shiga aikin soja tun 2021, amma ta wata sanarwa daban, a ƙananan muƙamai. Ba ita ake bayani a nan ba.

2. Daidaita suna a duk takardunka

Ka shimfiɗa hawiyya da katin iyali da takardar makaranta da sakamakon Ƙiyas a gabanka, ka karanta sunanka huɗu, wato naka da na mahaifi da na kaka da na dangi, harafi bayan harafi. Sunayenmu na Hausa suna shan wahala a hannun magatakarda: Abubakar a haɗe a wata takarda, Abu Bakar a rabe a wata, Hausawi a nan, Alhausawi ko Hausa a can. Ranar haihuwa ma haka. Na'ura ba ta san uzuri ba, jami'in da ke duba takardu ranar tantancewa kuma ba shi da ikon gyara maka. Kuskuren hawiyya a ofishin Ahwal Madaniyya, mai rajistar 'yan ƙasa, ake gyara shi, na takardar makaranta kuma ta hannun makarantar da ofishin ilimi na yankinku. Kowannensu yana cin makonni.

Wanda ya yi karatunsa a waje, ko a Sudan ko Masar ko Najeriya ko Malesiya, sai Ma'aikatar Ilimi ta yi wa takardarsa mu'adala, wato ta amince cewa daidai take da ta gida. Wannan ya fi komai jan lokaci. Ranar da takardar ta zo hannunka ka shigar da ita.

3. Jarrabawar Ƙiyas, inda ake yin rabon gaskiya

Ɗan sakandare yana buƙatar jarrabawa biyu. Ƙudurat tana auna fahimtar harshe da saurin lissafi. Tahsili tana auna abin da ka koya a lissafi da fiziks da kimistiri da ilimin halittu. Kowacce a kan 100 ake ba da makinta, ana iya maimaitawa, kuma mafi girman makin ake ɗauka. Mai digiri yana da tasa Ƙudurat ta 'yan jami'a.

Yara da yawa suna dogara da makin makaranta, alhali ba shi kaɗai ake kallo ba. Ana haɗa ukun ne a fitar da maki guda. Ga misali da rabon da jami'o'i da dama suke amfani da shi a fannin kimiyya, kashi 30 na sakandare, 30 na Ƙudurat, 40 na Tahsili. Mai 95 a makaranta, 70 a Ƙudurat, 68 a Tahsili, zai tashi da 76.7. Mai 88 a makaranta, 85 da 82 a sauran biyun, zai tashi da 84.7. Na biyun ya bar na farko da maki 8 cur, duk da cewa na farkon ne ake yi wa kirari a gida. Kwamitin karɓar ɗaliban soja yana da nasa rabon da mafi ƙarancin makin da yake bayyanawa a kowace sanarwa, amma darasin ɗaya ne. Kuma cika mafi ƙarancin maki ba ya nufin an ɗauke ka. Daga sama ake fara ɗiba har kujeru su ƙare.

Ka fara Ƙudurat tun aji biyu, kada ka ƙona damarka ta farko babu shiri. Minti 45 kullum na wata uku ya fi kwana bakwai na rashin barci. Ka riƙa warware tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanka, domin abin da ke kayar da yawancin yara ƙarewar lokaci ne, ba rashin sanin amsa ba. A ɓangaren harshe, yaron da ya tashi yana Hausa a gida, yana Larabcin Hijaz, yankin Makka da Madina da Jidda, a titi, yakan yi tuntuɓe a tambayoyin dangantakar kalmomi da fahimtar nassi, domin da fusaha ake yin su. Maganinsa karatu: shafi biyar na littafi ko jarida kullum, kana rubuta kalmar da ba ka sani ba. Wanda ya yi haddar Alƙur'ani yana da jari babba a nan, sai dai ya haɗa da karanta rubutun zamani.

Ka kuma tabbata fannin da kake a sakandare yana cikin waɗanda ake karɓa. Sojin ruwa masu lissafi da kimiyya suke nema, kuma ɗalibin da ya yi karatun rana na yau da kullum, ba na dare ko na gida ba. Waɗanda suka gama a shekarar kuma aka saba karɓa, don haka kada ka ce bari in huta shekara ɗaya tukuna. Mai digiri shi ma sai wanda ya zauna a aji, ba na intisab ba, wato karatu daga gida, kuma sai fanninsa ya fito a jerin da aka nema a wannan shekarar. Fannonin injiniya da kwamfuta su ne suka fi yawan fitowa.

4. Ka kai kanka asibiti kafin su kai ka

Awon lafiyar soja ba a roƙo a cikinsa. Abin da ya dace shi ne ka biya kuɗi kaɗan a asibiti mai zaman kansa wata shida kafin lokaci, ka san matsayinka.

Na farko jini. Sikila tana da yawa a cikinmu, kuma mutum yana iya ɗauke da rabinta, wato AS, bai taɓa yin ciwo ba. Ka nemi awon nau'in haemoglobin, irin wanda ake yi kafin aure, kowane ɗakin awo a ƙasar nan ya san shi. Ka haɗa da awon G6PD, wanda Larabawa ke kira animiyar ful, da na ciwon hanta nau'in B da C. Mai cikakkiyar sikila aikin soja ba nasa ba ne. Mai rabi kuwa hukuncin yana hannun kwamitin likitocin soja, amma sanin yana da amfani ko ba don su ba: gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa yana iya kayar da mai AS farat ɗaya, tsoka ta narke, ƙoda ta taɓu. Jubail kuma a lokacin zafi, ga rana ga gumin teku, ba wurin wasa ba ne. Kada ka ɓoye, kada kuma wani ya ba ka shawarar ɓoyewa.

Na biyu ido. Bayan ƙarfin gani, ana gwada bambance launi da littafin nan mai ɗigo-ɗigo da lambobi a ɓoye. Dalilin a fili yake. Da dare jirgi yana kunna jar fitila a hagunsa, koriya a damansa, kuma da su hafsan da ke kan aiki yake gane inda wani jirgi ya dosa. Wanda ba ya raba ja da kore ba za a ba shi jirgi ba, kuma wannan ba ya da magani, haddace littafin ma ɓata lokaci ne. Idan kana sa tabarau kana tunanin aikin leza, kada ka yi sai ka karanta sharuɗɗan shekarar, domin likita yana ganin alamar aikin, kuma ido yana buƙatar watanni kafin ya daidaita.

Sauran abubuwan da ake dubawa sun haɗa da ji, haƙora, ƙaba, basir, kumburin jijiyoyin maraina, shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa, karkacewar ƙashin baya, asma, da tabon tsohuwar tiyata. Ramin haƙori a cike shi yanzu. Ƙaba idan akwai, a yi aikinta da wuri don ta warke sarai.

Ana awon ƙwaya. Wanda ya taɓa kusantar ƙwayar kaptagon ko wiwi ya san kansa. Amma akwai wanda ba ruwansa da shaye-shaye, maganin tari mai kodin ko tramadol na ciwon baya ya sha daga hannun wani ɗan'uwa, awo ya nuna. Kada ka sha maganin da ba likita ne ya rubuta maka ba a watannin nan, wanda aka rubuta kuma ka ajiye takardarsa. Haka jiƙe-jiƙen da ake kawowa daga gida lokacin Umara, waɗanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba, a bar su.

Tsawo da nauyi: mafi ƙarancin tsawon da aka saba nema santimita 165 ne, kuma nauyi sai ya dace da tsawon. Ka auna babu takalmi. Mai ƙiba ya rage rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, ta hanyar rage shinkafar dare, lemon kwalba da shayi mai sukari. Masu shan maganin fitsari ko shiga ɗakin gumi kwana biyu kafin awo suna isa a galabaice, su faɗi a gudu, wani lokaci awon fitsarin ma ya ɓaci. Siriri kuma ya ƙara ƙwai, madara, wake, dabino da gyaɗa, ba kitse ba.

5. Gina jiki

Gwajin ƙarfi ya ƙunshi gudu, da dafa ƙasa a ɗaga ƙirji wanda ake kira dagat, da tashi daga kwance don tsokar ciki. Ƙwallon da kake bugawa daren Alhamis ba za ta wadatar ba. Ga tsarin mako 16 da mai lafiya zai iya bi.

Mako huɗu na farko, fita sau uku a mako, minti 20, kana gudu minti 2 kana tafiya minti 1. Daga mako na 5 zuwa na 10, gudun kilomita 3 ba tsayawa sau uku a mako, da na kilomita 5 a hankali sau ɗaya. Daga na 11, ka mayar da rana ɗaya ta gudun mita 400 da ƙarfi sau shida, da hutun minti 2 a tsakani. Abin da nake so ka kai shi ne kilomita 3 a ƙasa da minti 15, dagat 40 a jere, na ciki 45 cikin minti 2. Wannan ma'aunina ne ba na kwamiti ba, na sa shi sama don ranar gwaji ka sami rara, domin fargaba da rashin barci suna cinye wani abu daga ƙarfin kowa.

Bayan sallar asuba ne lokacin. Na Jidda suna da bakin teku, na Makka da Madina su nemi filin unguwa ko hanyar masu tafiya a ƙasa. Ka sha ruwa kofi biyu kafin fita, ka kuma riƙa duba launin fitsarinka, idan ya yi duhu ruwa bai ishe ka ba. A watan azumi a mayar da gudu bayan tarawihi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ƙara nisa da gaggawa, ƙashin ƙwauri ya kama ciwo, a yi wata guda a zaune. Kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Dagat kuma a yi shi cikakke, ƙirji ya kusa taɓa ƙasa, baya a miƙe. Mai ƙirga ba ya lissafa rabi.

Sai iyo. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Za a koya maka a kwaleji, amma wanda ya isa can yana tsoron ruwa yana shan wahala ninki biyu. Ka yi rajista a wurin iyo mai malami, sau biyu a mako na wata uku. Ka fara da sa fuska a ruwa kana fitar da numfashi, sai kwanciya a kan ruwa, sai tsayawa a wuri mai zurfi minti 2 ba ka riƙe komai ba, sannan mita 50 ba tsayawa. Idan kuɗin ya yi yawa, ku haɗu ku uku ko huɗu ku ɗauki malami ɗaya. Kada ka koya wa kanka a teku, kada kuma ka shiga kai kaɗai.

6. Cike takardar nema

Ana sanar da buɗewa ta shafukan Ma'aikatar Tsaro na hukuma, kuma kwanakin kaɗan ne. Ta shafin karɓa na bai ɗaya na ma'aikatar ake nema, kyauta. Ka yi da kwamfuta, ba waya ba, a rana ta farko ko ta biyu. Ranar ƙarshe shafin yakan cushe.

Kafin ka zauna, ka ɗauki hoton kowace takarda a fili, kusurwa huɗu suna fitowa, ba inuwa. Wurin zaɓi za ka ga kwalejojin ma'aikatar: ta Sarki Abdul'aziz ta sojin ƙasa, ta Sarki Faisal ta sojin sama, ta Sarki Abdullah ta tsaron sararin sama a Ɗa'if, da ta Sarki Fahad ta ruwa. Idan ruwa kake so ka sa ta farko, amma kada ka bar sauran gurabe babu komai. Ka karanta abin da ka rubuta sau biyu kafin ka tura, ka sa wani babba ya sake karantawa, sannan ka buga takardar shaidar nema ka adana lambarta.

Wanda ba shi da kwamfuta ya je shagon hidimar ɗalibai, amma ya zauna kusa da mai bugawa, kuma lambar wayarsa za a sa ba ta mai shago ba. Lambar da Nafath ke nuna maka kada ka amince da ita sai kai ne ka buɗe shafin da hannunka. Duk wanda ya kira ka ya ce shi jami'i ne, ka danna lamba kaza, ɓarawo ne. Haka mai cewa yana da hanya a ciki, a kawo riyal dubu kaza. Iyaye mata su ne aka fi cuta da wannan, har a sayar da zinare. Bayar da cin hanci laifi ne a kan mai bayarwa da mai karɓa, kuma yana iya rufe wa yaro ƙofar aikin gwamnati gaba ɗaya.

Kada ka janye neman jami'a don ka nemi soja. Ka riƙe duka biyun har sakamakon ƙarshe ya fito.

7. Ranar tantancewa

Idan makinka ya kai, saƙo zai zo da rana da wuri. Ka riƙa shiga shafin kullum, kada ka jira saƙon waya kaɗai. Wurin yana iya zama nesa da garinku, don haka ka ajiye kuɗin mota ko jirgi da na kwana biyu tun da wuri, ka kuma isa garin da kwana ɗaya a gaba. Wanda ya makara ya rasa.

Ka je da aski, farce a yanke, farin tobi mai tsabta, kayan gudu a jaka, takardu na asali da kwafi biyu-biyu. Ka karya da abu mai sauƙi, sai fa idan an ce a zo ba a ci komai ba saboda awon jini. Kada ka sha abin ƙara kuzari na gwangwani, yana ɗaga bugun zuciya da hawan jini a gaban likita.

A ganawa da hafsoshi ana kallon tsayuwarka, muryarka, da ko kana in'ina idan an matsa maka. Ka ɗaga murya daidai, ka kalli mai tambaya. Tarbiyyarmu ta koya mana sunkuyar da kai a gaban manya, kuma abu ne mai kyau a gida, amma a ɗakin nan ana iya ɗaukarsa rashin ƙarfin zuciya. Ka gwada da kawunka ko malaminka, su yi maka tambayoyi kana tsaye.

Ka san rundunar da kake nema. Tana da rukunin jirage biyu: na gabas a sansanin Sarki Abdul'aziz da ke Jubail, na yamma a sansanin Sarki Faisal da ke Jidda, hedikwata kuma a Riyad. Ka iya nuna Bahar Maliya, Babul Mandab, mashigin Hurmuz, mashigin Suwais da tsibiran Farasan a taswira, da tasoshin Yanbu, Jazan, Dammam da Ras Tanura. Ka san cewa jiragen yaƙin da ake kira Riyad da Makka da Dammam ƙirar Faransa ne, su kuma Jubail da Dir'iyya da Ha'il da Jazan da Unaiza a Sifen aka ƙera su, na farkonsu ya shiga hannun rundunar a 2022. Ka haddace jerin muƙamai daga mulazim, mulazim awwal, naƙib, ra'id, muƙaddam, aƙid, amid, liwa, zuwa fariƙ. Ka san ranar ƙasa, 23 ga Satumba, da ranar kafuwar daular Saudiyya, 22 ga Fabrairu, da cewa Yarima Khalid bin Salman ne ya karɓi Ma'aikatar Tsaro a 2022. Idan aka tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba. Kame-kame ya fi rashin sani muni a idonsu. Tambayar me ya sa ruwa ba ƙasa ba tana zuwa, ka shirya amsa ta gaskiya mai jimla biyu ko uku.

8. Bayan an karɓe ka

Akwai takardar alkawari da kai da waliyyinka za ku sa wa hannu. Ku karanta ta a nitse, musamman abin da ta ce game da wanda ya janye ko aka kora, domin ana iya neman ya biya abin da aka kashe a kansa. Kwaleji ce ke ɗaukar ci da kwana da tufafi da magani, da alawus na wata.

Daga Hijaz zuwa Jubail tafiya ce ta ƙetare ƙasar gaba ɗaya. Mafi sauƙi jirgi zuwa filin Sarki Fahad na Dammam, sai mota zuwa arewa kimanin awa ɗaya. Makonnin farko na sababbin shiga su ne mafi tsanani: babu waya, babu fita, barci kaɗan. A gaya wa mahaifiya tun kafin tafiya, don kada shirun ya tayar mata da hankali. Tsakanin karɓa da tafiya kada ka daina gudu, kuma ka dage da Turanci, domin littattafan na'urori da maganar rediyo tsakanin jirage a teku da shi ake yi.

9. Idan wannan ƙofa ba ta buɗe ba

Ɗan ƙasa da makinsa bai kai ba yana iya shiga jami'a, ya karanta injiniya ko kwamfuta, ya dawo ta ƙofar masu digiri kafin ya cika 27. Akwai kuma Kwalejin Sarki Fahad ta Tsaro a Riyad, ƙarƙashin Ma'aikatar Cikin Gida, wadda hafsoshinta ke zuwa rundunoni har da masu gadin iyaka, su ma suna da jirage a teku. Nemansu daban ne, ta Absher. Kada sunan Sarki Fahad ya ruɗe ka, kwaleji biyu ne a ma'aikatu biyu.

Sai jiragen kasuwanci. Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda tana da tsangayar karatun teku, inda ake koyon tuƙin jirgi, injiniyancin jirgi, awon ƙarƙashin teku da harkar tashoshi. Awon ido da na launi yana nan a wannan hanyar ma.

Mai fasfon Najeriya da ke son aikin soja, Kwalejin Tsaro ta Kaduna, NDA, ita ce ke fitar da hafsoshin ruwa na ƙasar. Tana buƙatar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali, da sakamako mai kyau a darussa biyar har da Turanci da lissafi. Turancin nan shi ne babban shinge ga yaron da ya yi karatunsa duka da Larabci, sai a ba shi shekara guda cur. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda ne wurin fara tambayar takardu. Na kasuwanci kuma akwai makarantar teku ta Oron a jihar Akwa Ibom. Mai fasfon Nijar ko Ghana ya dubi makarantar teku ta Abijan ko jami'ar teku ta Akara. Wanda Larabci ya fi masa sauƙi, makarantar Larabawa ta kimiyya da sufurin teku a Iskandariyya tana karɓar 'yan ƙasashen waje da kuɗinsu.

Kafin a biya ko riyal ɗaya a kowace makarantar jiragen kasuwanci, a yi mata tambaya biyu a rubuce. Takardarta tana kan tsarin STCW, yarjejeniyar 1978 da duniya ke bi wajen ba ma'aikatan jirgi shaida? Kuma ita ce za ta samar wa ɗalibi jirgin da zai yi watanni 12 na horon teku, ko shi zai nema da kansa? Idan babu waɗannan watannin ba a ba da lasisin hafsan jirgi, kuma samun gurbin ya fi samun makarantar wuya.